Jerin Sunayen Jam'iyya: Wa Zai Riƙe Alƙalamin?

A wajen wani ɗaurin aure a unguwar Jahun da ke garin Bauchi, bayan an shafa fatiha an raba goro, hira ta karkata kan siyasa kamar yadda aka saba. Wani matashi ɗan boko da na san mahaifinsa ya gyara zama ya ce: "Baba, ai maganin sayen ƙuri'ar nan sauƙi gare shi. A daina zaɓen mutum, a koma zaɓen jam'iyya, yadda Afirka ta Kudu ke yi. Kowace jam'iyya ta kawo jerin sunayenta, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'a. In babu ɗan takara a mazaɓa, wa zai zo da taliya da atamfa?"

Dattawan wurin suka gyaɗa kai, har wani ya ce wallahi yaron nan ya kawo shawara. Gyaɗa kan ne ya dame ni fiye da maganar, domin ba wanda ya tambaye shi abin da ya kamata a fara tambaya: wane ne zai zauna ya rubuta jerin sunayen?

Ni dai ban goyi bayan a kawo mana rufaffen jerin sunayen jam'iyya ba, muddin jam'iyyunmu suna nan yadda muka san su. Ɗan abin da ya rage a hannun talakan Bauchi shi ne ikon ya ware mutum ɗaya ya ce wannan ba zai koma ba. Tsarin jeri zai karɓe wannan ikon ya damƙa wa mutum uku ko huɗu da ke zama a falon gidan gwamnati. Akwai wani ɓangare na tsarin da zan iya karɓa, amma da sharuɗɗa, zan zo kansu.

Yadda abin yake

A yanzu jihar Bauchi na da kujeru 12 a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kowace da mazaɓarta: Toro, Zaki, Gamawa, Katagum, Ningi da Warji, Misau da Dambam, da sauransu. Wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa shi ya ci, ko da tazarar ƙuri'a goma ce.

A tsarin jeri za a rushe waɗannan iyakokin, jihar ta zama mazaɓa guda. Kowace jam'iyya ta jera mutum 12, daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. A ce wata ta samu rabin ƙuri'un jihar, wata kashi ɗaya cikin uku, wata kuma ragowar. Ta farko ta ɗauki kujeru 6, ta biyu 4, ta uku 2, kuma kowace daga saman jerinta za a fara ɗiba. Idan mai zaɓe ba shi da ikon taɓa yadda aka jera sunayen, shi ne rufaffen jeri, irin na Afirka ta Kudu da Isra'ila. Idan yana iya nuna wanda yake so a cikin jerin, shi ne buɗaɗɗe, irin na Birazil da Finlan.

Inda yaron ya yi gaskiya

Tsarinmu na yanzu yana zubar da ƙuri'u da yawa, wannan ba musu. Mutum ya tashi da asuba, ya sha rana a layi, ɗan takararsa ya zo na biyu da ɗan ƙaramin rata, shi ke nan ƙuri'arsa ta bi ruwa har shekara huɗu. Jam'iyyar da ke da magoya baya a ko'ina cikin jiha amma ba ta da rinjaye a ko'ina, ba za ta ga ko kujera ɗaya ba. Wannan na daga cikin abin da ke sa zaɓe ya koma a mutu ko a yi rai, kuma shi ke samar wa 'yan sara-suka aiki.

Ƙasar Lesoto ta ɗanɗana wannan. A zaɓen 1998 jam'iyya mai mulki ta samu kusan kashi 60 cikin 100 na ƙuri'u, amma ta kwashe kujeru 79 cikin 80. Rikici ya ɓarke har sai da sojojin Afirka ta Kudu da Botswana suka shiga ƙasar. Daga baya suka gyara tsari, suka bar kujeru 80 na mazaɓu, suka ƙara 40 da ake rabawa gwargwadon ƙuri'a. To duk wanda ya ce rabon kujeru irin wannan ba shi da amfani, bai duba da kyau ba.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba.

Wa ke rubuta sunaye a yau?

Mu tuna zaɓen fidda gwani na 2022. Jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar Majalisar Wakilai naira miliyan 10, na Sanata miliyan 20, na gwamna miliyan 50. PDP ta sa nata ƙasa da haka, amma na ɗan Majalisar Wakilai ma sai da ya kai miliyan biyu da rabi. Tun daga bakin ƙofa an sallami malamin makaranta da ma'aikacin jinya da mai shago a Wunti. Sannan dokar zaɓe ta waccan shekarar ta bar zaɓen 'yan takara, inda ba 'yar tinƙe aka yi ba, a hannun daliget da aka zaɓo daga gundumomi kawai. Mutum ƙalilan ke nan a kowace gunduma.

Na san wani maƙwabcina da ya yi daliget a lokacin. Mutum ne mai facin taya, ba ya cikin masu faɗa a ji ko a layinmu. Ana saura kwana kaɗan zaɓe, motoci masu baƙin gilashi suka fara tsayawa a ƙofar gidansa bayan sallar isha'i. Ana gobe zaɓe aka zo aka ɗauke shi da sauran 'yan uwansa daliget aka kai su wani masauki, aka karɓe wayoyinsu, aka ce don kada abokan hamayya su dame su. Da ya dawo ya canja kwanon rufin ɗakinsa ya sayi babur. Na tambaye shi ko ya san mutumin da ya zaɓa. Ya ce: "Malam, sunan da aka ba mu da safe shi muka rubuta." Ban ga laifinsa sosai ba. Ya san ba za a sake neman sa ba sai bayan shekara huɗu.

A wasu wuraren ko wannan wahalar ba a sha. Sai a ce an yi maslaha, a kira masu neman takara a ce kowa ya janye wa wane, mai girma ya riga ya yi magana. Ɗauki-ɗora ke nan da aka sa wa sabuwar riga.

Ba kuma a ƙananan kujeru abin ya tsaya ba. A Yobe ta Arewa, Bashir Machina ne ya shiga zaɓen fidda gwani na Sanata a 2022 aka ce ya ci, jam'iyya ta miƙa sunan Ahmad Lawan, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli ta bar wa Lawan takarar a Fabrairun 2023. A Zamfara, rikicin fidda gwani ya sa Kotun Ƙoli ta soke duk ƙuri'un da APC ta samu a 2019, tun daga gwamna har 'yan majalisar jiha. Talakawan da suka yi layi a Gusau ba su ne suka ɓata zaɓen fidda gwanin ba, amma ƙuri'unsu ne suka tafi a banza.

Waɗannan su ne jam'iyyun da ake so mu ce musu: ga kujeru 12, ku jera mana duk wanda kuka ga dama, mu namu dangwala wa alama. Duk da akwai alƙalai da wakilan INEC da daliget, ga yadda aka yi. Ina ga an mayar da abin takarda ɗaya da za a rubuta a daren ƙarshe kafin wa'adin miƙa sunaye?

Kuɗin da yaron ke son a kora ba inda za su je. Hawa sama kawai za su yi. Maimakon a raba wa mata dubu biyu-biyu a bakin rumfar zaɓe, za a kai jaka guda wurin mai alƙalami a sayi lamba ta biyu ko ta uku, wadda ko ana ha-maza-ha-mata sai ta shiga. Sayen ƙuri'a abin kunya ne, ban ce a bar shi ba. Amma aƙalla mai saye ya san yana bukatar mai sayarwa. Wanda ya sayi lamba ta biyu a jeri ba ya bukatar kowa a Gamawa.

Makamin da Bauchi ta saba riƙewa

Mu a jihar nan muna da wani tarihi da bai kamata mu yi wasa da shi ba. A 2007 gwamna mai barin gado, Ahmadu Adamu Mu'azu, bayan shekara takwas a kan mulki, ya nemi kujerar Sanatan Bauchi ta Kudu. Jama'a suka ba Bala Muhammad na ANPP. A wannan zaɓen ne Isa Yuguda ya kayar da ɗan takarar jam'iyya mai mulki. Duk wanda ya kai shekarun tunawa ya san yadda matasa suka kwana a ofisoshin tattara sakamako suna cewa a kasa, a tsare, a raka.

A 2019 mutanen Bauchi suka ba Buhari ƙuri'a mai yawa a zaɓen shugaban ƙasa, bayan 'yan makonni suka juya suka sauke gwamna mai ci na jam'iyyar Buharin, Muhammad Abdullahi Abubakar. A Gombe ma a shekarar, Ibrahim Hassan Ɗankwambo yana gwamna mai barin gado ya nemi Sanatan Gombe ta Arewa bai samu ba, sai a 2023 jama'a suka ba shi.

Ba ina cewa duk hukuncin da jama'a suka yanke daidai ba ne, kowa da ra'ayinsa a kan mutanen nan. Abin da nake nunawa shi ne an iya. Yanzu a ɗauka da rufaffen jeri ake cike kujerun majalisa a waɗancan shekarun. Gwamna mai barin gado wace lamba zai ba kansa? Ta ɗaya mana. Kafin a hana mai lamba ɗaya shiga majalisa sai jam'iyyarsa ta kasa samun ko kujera guda a faɗin jihar, abin da ba zai taɓa faruwa ga babbar jam'iyya ba. Duk fushin jama'a a kan na ƙasan jeri zai sauka, wato matasa da mata da 'yan rakiya da aka cika takarda da su. Manyan da aka yi fushin dominsu suna zaune daram.

Rufaffen jeri kamar a kai ka kasuwar Muda Lawal ne a nuna maka buhu a ɗinke, a ce ba a kwancewa, ba a zura hannu, ka dubi tambarin da ke jiki ka biya. In ka je gida ka tarar da tsakuwa, sai ka haƙura ko ka canja tambari a baɗi.

"Ai dama alama muke dangwalawa"

Wani zai ce, Malam, me ya rage? Takardar ƙuri'armu ba sunan mutum a jiki, tsintsiya ce da lema da sauran alamomi. Tsarin mulkin 1999 bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, sai wanda jam'iyya ta tsayar. A 2007 Kotun Ƙoli ta ba Rotimi Amaechi kujerar gwamnan Ribas alhali ba shi aka yi wa yaƙin neman zaɓe ba, bisa hujjar cewa jam'iyya ce ta ci. A 2015 kuma da aka ce sak, mutane nawa suka shiga majalisa a guguwar Buhari ba tare da an san ko fuskarsu ba?

Duk haka ne. Amma sak zaɓi ne da jama'a suka yi da kansu, kuma da suka ga abin da ya haifar suka warware shi. Shi ya sa bayan shekara huɗu aka koma maganar cancanta, aka yi wake da shinkafa, nan a ba wannan jam'iyya, can a ba waccan. Rufaffen jeri sak ne da doka ta wajabta, ba ranar fita. Cewa jam'iyya ta riga ta yi mana ƙarfi ba hujja ba ce ta a ƙara mata.

Afirka ta Kudun da ake kafa misali da ita, su kansu suna kuka da wannan. Tun 1994 suke cike kujeru 400 na majalisarsu da rufaffen jeri. A can, ɗan majalisar da jam'iyya ta kora ya rasa kujerarsa nan take, na bayansa a jeri ya hau. To wa zai ji tsoro, mai zaɓe ko sakataren jam'iyya? A zamanin Jacob Zuma, da ake ta fallasa yadda wasu 'yan kasuwa suka kama gwamnati a hannu, 'yan majalisar jam'iyyarsa ta ANC sun yi ta kare shi a ƙuri'un rashin amincewa. Makhosi Khoza da ta fito fili ta ce ya sauka a 2017, jam'iyya ta sa ta gaba da tuhuma, ƙarshe ta fice. Hukumar bincike ta Mai Shari'a Raymond Zondo ta ce majalisa ta gaza aikinta na sa ido, ta kuma ba da shawarar a duba yiwuwar shigo da zaɓen mazaɓu. Tun 2003 wani kwamiti ƙarƙashin Frederik van Zyl Slabbert ya ba da shawara mai kama da haka, aka ajiye ta. Sai a 2020 Kotun Tsarin Mulkinsu ta tilasta a buɗe wa 'yan takara masu zaman kansu ƙofa.

ANC kuwa jam'iyya ce mai rassa a unguwanni, mai 'ya'yan da ke biyan kuɗin kati, mai tarihin gwagwarmaya tun 1912. Idan ita jeri ya mayar da 'yan majalisarta 'yan amshin shata, mu da wasu jam'iyyunmu ofishinsu na gunduma shago ne da ake buɗewa wata uku kafin zaɓe fa?

Ƙofar gidan Honorabul

Akwai masu cewa dangantakar da nake karewa tsakanin ɗan majalisa da mazaɓarsa ba wakilci ba ce, maula ce. Sun ga abin da na gani. Ka je ƙofar gidan ɗan majalisa da sassafe ranar da aka ji ya shigo gari. Ga tsohuwa da takardar magani a ƙulle cikin leda, ga uba da takardar kuɗin makaranta, ga matasa da fayil na neman aiki, ga wakilan wani ƙauye da taransifomarsu ta ƙone tun kafin azumi. Wani yaron gida yana tsaye a bakin get yana cewa Honorabul bai tashi ba. Ba wanda ya zo tambayar yadda ya kaɗa ƙuri'a a kan kasafin kuɗi.

Ni ma abin ba ya burge ni. Aikin ɗan majalisa doka ne da sa ido, ba raba kuɗin magani ba. Amma mutanen nan ba wauta ce ta kawo su ba. Asibiti ba magani, ƙaramar hukuma ba ta da kataɓus, wannan ƙofar ce kaɗai suka san mai ita da suna, suka san mahaifinsa, kuma suka san zai dawo neman su. Su wakilan ƙauyen nan in an gaji da su an hana su shiga, suna da abin da za su faɗa a majalisar dare, kuma maganarsu na iya zama ƙuri'a ɗari biyar. In aka rushe mazaɓa, ba maular za ta ƙare ba, ƙofar ce za ta ɓace. Mutumin Warji zai zama yana da wakilai 12 a takarda, ba ko ɗaya da zai ce nasa ne.

Sannan a dubi yadda jihar take. Mazaɓa irin ta Bogoro da Dass da Tafawa Ɓalewa tana ba ƙananan ƙabilu damar fitar da nasu, har ɗanta Yakubu Dogara ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a 2015. Masu son jeri za su ce jam'iyya mai hankali za ta raba sunaye ta yadda kowane yanki zai samu. Wataƙila. Amma a yau haƙƙi ne da iyakar mazaɓa ta tabbatar, gobe zai zama alfarma da ake roƙo.

Maganar mata

Nan ne hujjar masu son jeri ta fi ƙarfi, kuma ba zan yi kamar ban gani ba. Majalisar Dattawan da aka zaɓa a 2023 mata huɗu ne cikin 109. A Majalisar Wakilai ba su kai 20 ba cikin 360. A majalisun jihohin Arewa da dama babu mace ko ɗaya, alhali ranar zaɓe layin mata ya fi tsawo. Gombe ta fitar da irin su Aishatu Dukku da Binta Bello, amma ana iya ƙirga irinsu da yatsu.

Jeri yana sauƙaƙa gyaran wannan. Senigal ta yi doka a 2010 cewa dole a jera namiji, mace, namiji, mace, a zaɓen 2012 mata suka haura kashi 40 cikin 100 na majalisa. Maƙwabtanmu Nijar, da su ma da jeri suke zaɓen yawancin 'yan majalisa kafin juyin mulkin 2023, sun kafa dokar kason mata tun 2000, suka ɗaga shi zuwa kashi 25 a 2019.

Sai dai a lura, doka ce ta tilasta, ba kirkin shugabannin jam'iyya ba. Kuma tambayata tana nan: wace macen? Shugabar mata ta gunduma da ta shekara ashirin tana bin gida-gida tana fito da mata ranar zaɓe, ko matar wane da ƙanwar wane da ke zaune a Abuja? In alƙalamin na hannun mutum ɗaya, mun san amsa.

Buɗaɗɗen jeri kuma, wanda wasu ke ganin shi ne mafita, yana da nasa ciwon kai. Jam'iyyu 18 ne suka shiga zaɓen 2023. Kowace ta kawo mutum 12, sunaye 216 ke nan. A ba tsohuwa a Itas wannan ta nemo nata. Ga shi kuma kowane ɗan takara sai ya yi yaƙi da 'yan jam'iyyarsa kafin na waje, a faɗin jiha tun daga Alkaleri har Zaki, abin da sai mai kuɗin gaske.

Abin da zan karɓa

Ba sabuwar magana ba ce a ƙasar nan. Kwamitin gyaran zaɓe da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2007 ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawarar a bar mazaɓu 360 yadda suke, a ƙara kujeru 108 da za a raba gwargwadon ƙuri'a, a kuma halatta takarar masu zaman kansu. Gauraye ke nan, dangin abin da Jamus da Lesoto ke yi. Rahoton na nan tun 2008 yana shan ƙura. Ni da za a bi tawa, ba sai an ƙara yawan kujeru har haka ba, kuɗin da majalisa ke ci ya isa. Amma tushen shawarar mai kyau ne: mutum ya riƙe wakilinsa na mazaɓa da zai iya kayarwa, ƙuri'ar wanda ya faɗi kuma ta yi wani amfani.

Sharaɗina na farko, jerin ya zama na jiha, ba na ƙasa da za a rubuta a Abuja ba. Na biyu, 'ya'yan jam'iyya masu kati su ne za su jera sunayen da ƙuri'arsu, a gundumominsu, a gaban jami'an INEC, a kuma liƙa sakamakon a bango tun watanni kafin babban zaɓe, ba mai ikon sauya lamba bayan nan. Wanda ya tsaya takarar mazaɓa kuma kada a sa shi a jeri, don kada wanda jama'a suka kora ta ƙofa ya dawo ta taga.

Sharaɗi na biyun nan shi ne mai wuya, domin yana bukatar jam'iyya ta san 'ya'yanta. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce kowace jam'iyya ta ajiye rajistar mambobinta, ta miƙa wa INEC kwana 30 kafin zaɓen fidda gwani. Amma kowa ya san yadda ake cike littafin nan: wani mai neman kujera ya sayi katuna dubu ya rubuta sunayen mutanen da ba su ma sani ba.

A nan laifin ya dawo kanmu, musamman mu da muka yi boko. Mun iya zagin daliget a Facebook, amma ranar zaɓen shugabannin gunduma ba a ganin ko ɗayanmu. Malamin makaranta ya ce shi ma'aikaci ne, ɗan kasuwa ya ce siyasa ƙazanta ce, mai digiri ya ce ba zai zauna a benci ɗaya da 'yan jagaliya ba. Sai a bar wa wanda ba shi da abin yi a ranar, daga baya a zo ana mamakin ya sayar. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. In ranar babban zaɓe ke nan, a ƙiyasta masu zuwa taron gunduma.

Garin nan kuwa ba baƙon wannan aiki ba ne. A shekarun 1940, a nan Bauchi Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suke zama a dandalin muhawara suna tattauna mulkin En'e da haraji, tun babu ƙuri'ar da za a kaɗa. NEPU da aka kafa a 1950 da kuɗin kati da karo-karon teloli da mahauta da 'yan koli ta rayu, shi ya sa talaka ke iya miƙewa a taro ya ƙalubalanci shugaba. Jam'iyyar da gwamna ke biya wa hayar ofis da kuɗin man mota, ta gwamna ce, kuma duk jerin da ta fitar nasa ne.

Saboda haka duk ɗan majalisar da zai kai ƙudirin tsarin jeri, ina so in ga sashen da ya yi maganar rajistar mambobi da yadda za a jera sunaye tun kafin in karanta sashen rabon kujeru. In babu shi, a bar mana mazaɓunmu 12 da duk aibinsu.